Riga marar tambari: bayanan aikinmu daga teburin yanka zuwa kantar kanti

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Yau bayan sallar la'asar muka zauna ni da Yaya muka buɗe littafin lissafi, kuma abin da muka gani a ciki shi ya sa na fara rubuta waɗannan bayanai, domin matakin da muke shirin ɗauka ya fi duk wanda muka taɓa ɗauka nauyi. Shekara biyu ke nan da muka buɗe shagon ɗinki a Fagge, kuma kaya iri uku kawai muke yi: riga mai gajeren hannu marar kwala, da wando mai zariya, da 'yar shara ta zaman gida. Dukkansu na auduga ne zalla, babu aiki a wuya, babu rubutu a ƙirji, babu tambarin kowa a jikinsu, har da namu. Mutum bakwai ke aiki tare da mu: teloli huɗu, da Baba mai yanka wanda abokin mahaifinmu ne tun suna samari, da wata baiwar Allah mai saka maɓalli da duba kaya, da mai wanki da guga. Kowannensu albashin wata yake karɓa, ba kuɗin hannu a kan kowace riga ba. Ana tashi ƙarfe biyar da rabi na yamma, ranar Juma'a rabin yini ake yi, kuma ba a kwana a shago ko da kuwa gobe Sallah.

Albashi yana cin naira 600,000 a wata, haya da wuta da man janareta da kuɗin mota kuma suna cin kusan naira 400,000, kuma waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa ko riga goma muka ɗinka. Hannun da muke da shi zai iya fitar da guda 500 a wata ba tare da an takura wa kowa ba, amma abin da muke sayarwa ta WhatsApp da Instagram da masu zuwa da ƙafarsu bai wuce 300 ba. Da riga nake yin lissafi, tun da ita ce mafi yawan cinikinmu: yadi biyu da zare da maɓalli da wanki suna kama naira 4,400, sai a ɗora mata kasonta na waccan miliyan ɗaya. Idan 300 muka sayar, kowace riga tana tsaya mana a kan naira 7,730, idan kuwa 500 ce sai ta sauko zuwa 6,400, mu kuma a kan 9,000 muke sayarwa. Hanya biyu ce a gabanmu, ko dai mu sallami teloli biyu, ko kuma mu sama wa riguna 200 masu saye a kowane wata. Mun zaɓi mu kai kayan manyan kantuna.

Laraba, 18 ga Satumba

Na yini a Kantin Kwari ina neman yadi. Mafi yawan abin da ke cikin kasuwar daga Sin da wasu ƙasashen waje yake zuwa, kuma idan ka tambayi mai shago inda aka saƙa shi, iyakar abin da zai iya gaya maka shi ne sunan wanda ya yi masa sari. Wannan ya sa muka sake ɗage maganar singileti, duk da yawan masu tambayarta, domin yadinta mai miƙewa ban same shi a hannun wanda zai nuna mini masaƙarsa ba. Akoko kuwa har yanzu akwai mai saƙa shi a Arewa, don haka na yi ciniki da wani dillali a kan yadi 1,000, kowanne naira 1,900. Na ba da rabin kuɗin kafin alƙalami daga adashin da Yaya ta kwasa, sauran kuma sai kaya sun iso.

Akwai dalilin da ya sa nake dagewa a kan wannan. Mahaifinmu ya yi shekara 19 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL kuma ta biyo baya a 1964, kuma audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau ce take ciyar da injinansu. Da albashin masaƙa aka biya mana kuɗin makaranta, kuma na ga yadda gidaje suka koma bayan da masaƙun suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Tun daga lokacin na san cewa arahar tufafi ba daga sama take faɗowa ba, akwai wanda ake cirewa daga bakinsa. Mun amince da Yaya cewa a takardar da za mu rataya wa kaya ba za mu rubuta komai ba sai abin da ke hannunmu, wato yadda ake ɗinki a shagonmu da yadda ake biyan masu yinsa.

Litinin, 23 ga Satumba

Kantuna huɗu na zaga da samfuri a jaka. Biyu ba su bari na buɗe jakar ba. A na uku, wanda babban kanti ne mai sashen tufafi a bene, manajan ya ɗaga rigar, ya juya ta gaba da baya, ya leƙa cikin wuyanta, sannan ya ce, "Malam, ɗinkin ya yi kyau, amma kaya ba suna wa zai ɗauka? Ko ƙaramin abu ne ku manna a aljihu." Na ce masa, "Yallaɓai, kasuwa cike take da riguna masu tambarin kamfanonin da ba su san an ɗinka su ba, kuma masu saye sun san da haka. Mu muna so mutum ya biya kuɗin yadi da ɗinki ne." Na ba shi labarin Muji na ƙasar Japan, wanda ma'anar cikakken sunansa ita ce kaya masu kyau marasa tambari, wanda ya faro a 1980 da kaya iri 40 a kan kantar kantunan Seiyu, kafin ya buɗe shagon kansa na farko a Tokyo a 1983. Ya saurara, ya ce nan ba Japan ba ce, kuma gaskiyarsa.

Sharuɗɗansa su ne suka fi tsaya mini a rai: kashi 35 cikin ɗari na kuɗin kowace riga nasu ne, sai an sayar za a biya, biyan kuma bayan kwana 60. A kan farashin 9,000 abin da zai dawo mana naira 5,850 ne, wato ƙasa da abin da muka kashe ko da shagonmu yana aiki da cikakken ƙarfinsa. Na ce zan yi shawara da 'yar'uwata.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Bayan zuwa uku mun daidaita da kantuna biyu, wancan babban da wani ƙaramin shagon tufafi a unguwar Nasarawa. Riga za ta hau kanta a kan naira 10,500, su ɗauki kashi 25, mu karɓi 7,875, a yi lissafi a ƙarshen kowane wata. A madadin haka mun yarda mu ɗaga namu farashin na WhatsApp zuwa 10,500, domin babu kantin da zai ajiye kayan da mai shi yake karya musu farashi a waya. Wannan ya yi mini nauyi, saboda tsofaffin abokan cinikinmu ne za su fara jin sa a aljihu. Tambari dai ba za a sa ba. A cikin wuya za a ɗinka ƙaramin ƙyalle mai ɗauke da girman riga, da "auduga zalla", da yadda ake wanke ta, da "an ɗinka a Kano". Takardar ratayawa za ta ɗauki farashi da lambar da na'urar kanti take karantawa. Za mu kai guda 240 ranar 26 ga wata.

Talata, 8 ga Oktoba

Yadi ya iso jiya. An fara yanka. Takardun ratayawa guda 1,000 sun ci naira 38,000.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun yi asara, kuma laifina ne. Al'adarmu ita ce a jiƙa akoko a wanke shi a shanya kafin almakashi ya taɓa shi, domin ɗanyen yadi ne wanda bai taɓa ganin ruwa ba, kuma da kaurinsa na sitaci yake fitowa daga masaƙa. Da kayan suka iso, dillalin ya ce mini wannan karon an riga an wanke shi, ba zai shige ba. Na lissafa kwanakin da wanki da shanya za su ci, na dubi ranar 26 ga wata, sai na ce wa Baba a yanka haka nan. Ya ɗauki bakin yadin ya murza a tsakanin yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan bai sha ruwa ba." Na ce dillali ya tabbatar mini. Bai ƙara magana ba, ya shimfiɗa ya yanka.

Ranar Alhamis mai wanki ya jiƙa riguna shida daga cikin waɗanda aka gama, domin a cire alamar alli. Da suka bushe, sai ga rigar da ya kamata ta rufe zariyar wando ta tsaya a saman ƙugu. Na yanko yadi ɗaya cif, inci 36, na wanke shi da hannuna na shanya a igiyar bayan shago, da safe na auna na samu inci 33 da rabi. A lokacin an riga an ɗinka guda 96, wato yadi 192, kuɗinsa naira 364,800. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne akoko ya fi shigewa ta tsawo fiye da ta faɗi, don haka ba kowace babbar riga ce za ta koma matsakaiciya ba, wata sai ta zama gajera mai faɗi wadda ba ta dace da jikin kowa ba. Muka wanke dukkansu, muka auna ɗaya bayan ɗaya a kan teburin yanka har magariba. Guda 58 sun zauna daidai a girman da ke ƙasa da nasu, sai dai a farke ƙyallen wuya a sauya. Sauran 38 za a farke su a mayar da su rigunan yara. Yaya ta ƙiyasta asarar a kan kusan naira 170,000, ban da kwanakin aiki.

A shaguna da yawa, idan kaya ya lalace, daga kuɗin tela ake cirewa ko da ba shi ya jawo ba, kuma na lura ɗaya daga cikin telolinmu ya yini bai ɗaga kai daga keke ba. Kafin a tashi na tara su na gaya musu cewa ni na ba da umarnin, kuma babu wanda za a taɓa wa ko naira ɗaya. Na kuma ba Baba haƙuri a gabansu. Daga yau, duk bandir ɗin da ya shigo sai an yanki yadi ɗaya an gwada shi da ruwa an rubuta sakamakon a littafi, ko waye ya kawo shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An wanke sauran yadin gaba ɗaya. An gama guda 131 masu kyau.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana na huɗu ke nan babu wutar lantarki ko ta minti ɗaya, kuma ba Kano kaɗai ba ce, kusan duk Arewa tana cikin duhu. Labarai sun ce dama an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma ɗayan da ke bi ta Makurɗi ya samu matsala a farkon makon nan. Litar fetur ta haura naira 1,000, kuma ƙaramin janaretanmu yana shan lita 10 a yini idan aka ɗora masa kekuna huɗu da na kashe baki, dutsen guga kuwa ba ya iya ɗaukarsa sam. Mun fito da tsofaffin kekunan ƙafa guda biyu daga bayan shago, aka goge su aka sa musu mai, kuma ɗinkinsu a kan akoko ba shi da abin kushewa, sai dai saurinsu bai kai rabin na masu wuta ba. Guga muka koma yi da dutsen gawayi, tare da shimfiɗa farin ƙyalle a kan kowace riga, amma duk da haka tartsatsi ya huda guda biyu.

Na kira manajan babban kanti na gaya masa kaya ba za su samu ranar Asabar ba. Ya ce ya riga ya kwashe wasu kayan ya ba mu wuri, kuma ba zai bar kanta a buɗe fiye da mako biyu ba. Da na ajiye waya sai Baba ya matso ya ce, "Ɗana, mu kwana uku a nan mu gama maka. Mun yi wa waɗanda ba su kai ka ba." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma na san telolin ba za su ƙi ba idan shi ya ce. Amma duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a daren jajiberin Sallah ya ga jajayen idanu da yaran da barci ya kwashe a kan tarin yadi, kuma don guje wa wannan muka kafa shagon nan tun farko. Idan muka karya ƙa'idar a kan odar kanti ta farko, kanti ne zai riƙa yanka mana lokacin barci daga nan gaba. Na ce, "Baba, na gode, amma mu yi da rana." Muka tsayar da cewa za a fara ƙarfe bakwai na safe maimakon takwas da rabi har a gama, wanda yake so ne kawai zai zo, kuma za a biya kowace awa ta ƙari da ninki ɗaya da rabi. Mutum shida sun yarda. Mai saka maɓalli tana kai yara makaranta da safe, don haka ta ci gaba da zuwa a lokacinta.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wuta ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Man janareta na kwanakin duhu ya ci naira 96,000, kuɗin ƙarin lokaci kuma 41,000. An biya albashi yau bai yi latti ba, amma sai da na ari naira 150,000 a wurin ƙanin mahaifiyarmu. A makon nan gwamnatin Kano ta sanar da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta, bayan dokar ƙasa ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka shago irin namu babu wanda zai tuhume shi ko nawa ya biya. Mafi ƙanƙanta a wurinmu naira 75,000 yake ɗauka, teloli kuma 85,000, kuma da farashin mudun shinkafa na yanzu ba na ganin wannan a matsayin abin alfahari, mafari ne kawai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar Talata muka kai kaya a adaidaita sahu biyu, guda 140 babban kanti, 100 shagon Nasarawa. Yau na koma babban kantin na tsaya daga nesa kusan awa biyu ina kallo. An jera mu a ƙarshen layi, tsakanin safa da tawul. Wani matashi ya ɗauki riga ya kifar da wuyanta yana neman suna, ya karanta ƙyallen, ya tambayi yarinyar da ke kula da wurin ko ta waje ce, da ta ce ta gida ce sai ya mayar. Bayansa wata hajiya mai kimanin shekara hamsin ta zo, ba ta ko dubi wuyan ba. Ta ɗaga rigar saitin fitila ta duba yawan zarenta, ta juya cikinta waje, ta kama ɗinkin hammata da hannu biyu ta ja da ƙarfi, sannan ta karanta takardar ratayawa har ƙarshe. Ta ɗauki uku masu girma ɗaya. Ban yi mata magana ba, amma na dawo na ba wa telan da ya ɗinka su labari, domin a jikin kowane ƙyalle akwai ɗan ɗigon zare mai launi da muke gane hannun kowa da shi.

Abin da na koya shi ne a waya ni nake yi wa riga bayani, a kanti kuwa babu mai yi mata magana. Na roƙi manaja ya bari mu rataye guda ɗaya a juye, cikinta a waje, tare da ƙaramin kwali mai cewa "ja ka gani". Ya yarda.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kantunan biyu sun ce fari da ruwan akoko kaɗai ba sa jan ido, don haka na kai riguna 30 marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki. Da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, a bar shi ya nuna a cikin rami, kuma na tsaya na ga yadda riga take fitowa kore-kore sannan ta rikiɗe ta koma shuɗiya idan ta sha iska, a sake tsoma ta har sai launin ya kai yadda ake so. Mun daidaita a kan naira 1,500 kowace riga, ba tare da bugu ba, za a sayar da su 12,500.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Shuɗin baba yana goga a jikin abin da ya taɓa kafin ya sha wanki biyu ko uku, kuma wannan halinsa ne, ba aibin rini ba. Mu ne muka yi kuskuren ɗaure shuɗaye da farare a ƙunshi ɗaya, sai farare 11 suka fito da tabo a kafaɗa. Mun dawo da su, bakwai sun fita da wanki, huɗu za a rina su. Nan gaba za a ɗauraye shuɗaye sau biyu, a sa takarda a tsakani, a kuma rubuta a takardar ratayawa cewa a wanke su su kaɗai. Cinikin kwana 20: babban kanti 58, Nasarawa 31. Shuɗayen da aka kai ranar Laraba saura tara.

Asabar, 7 ga Disamba

Shagon Nasarawa ya turo kuɗinsa ranar 2 ga wata. Babban kanti bai biya ba, an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na je sau biyu. Kayanmu na kusan naira 600,000 sun zama kuɗi a aljihun wani, mu kuma muna bukatar sayen yadi. Hunturu ya shigo, ƙura tana sauya wa fararen da ke buɗe launi, don haka muka sa mai guga ya riƙa zagayawa duk Laraba yana musanya na sama da wankakku.

Alhamis, 19 ga Disamba

Babban kanti ya biya ranar 13 ga wata, bayan na ce ba zan ƙara kai kaya ba sai an rubuta ranar biya a takarda an sa hannu. An rubuta 7 ga kowane wata.

Jiya wani Alhaji mai shaguna a Kano da Abuja ya zo har shagonmu, ya ce ya ga kayan a kanta kuma sun burge shi. Yana son guda 1,000 cikin mako huɗu, a kan naira 5,500 kowace, a yi masa tambarinsa a ƙirji, zai ba da rabin kuɗi nan take. Da na ce kuɗin bai kai abin da muke kashewa ba, sai ya ce, "Kai dai ba ka san kasuwa ba ne. Ka yanka a nan, ka raba wa masu ɗinki a gidaje a kan naira 350, ka haɗa yadin da mai roba, kowa haka yake yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Daren jiya ban yi barci sosai ba, domin naira miliyan 2 da dubu 750 a hannu za su biya bashin Kawu, su sayi yadin wata biyu. Tambarin ba shi ne matsala ba, mun sha sayar wa makarantu farar riga su buga nasu. Matsalar tana cikin naira 350. Macen da za ta ɗinka riga shida a yini a ɗakinta, da zarenta da kekenta, za ta tashi da naira 2,100, kuma babu wanda zai ga awa nawa ta yi ko ɗan wa ya taya ta. Ta irin wannan miƙa aiki daga hannu zuwa hannu ne masu sayar da tufafi suke daina sanin wanda ya ɗinka musu. Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh ranar 24 ga Afrilu, 2013, ya kashe mutum 1,134, sai da aka tono tambura daga cikin ɓaraguzai kafin a tantance wasu daga cikin kamfanonin da ake yi wa aiki a wurin.

Yaya kuma ta tuna mini da kamfanin tufafi na American Apparel, wanda muka karanta tarihinsa tun kafin mu buɗe shago, domin shi ya fi kowa kama da abin da muke so mu yi. Da sarin riguna marasa rubutu ya faro, yana ɗinka su a masana'antarsa ta Los Angeles yana biyan abin da ya fi na sauran masu sana'ar, sannan ya shiga buɗe shagunan kansa a 2003, cikin 'yan shekaru suka haura 200. Bashi ya taru, aka kori wanda ya kafa shi a 2014 bisa zarge-zargen rashin ɗa'a, kamfanin ya bayyana karyewa a 2015 da kuma 2016, kuma a farkon 2017 Gildan na Kanada ya sayi sunan a kan dala miliyan 88, shagunan suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne masu saye sun yarda su biya kuɗin riga marar tambari, amma girman da ya fi ƙarfin jari da tsari masu ɗinkin yake fara kayarwa.

Yau da safe na kira Alhajin na ce za mu iya ba shi guda 100 a wata a kan naira 7,500, ɗinkin shagonmu, yadinmu. Ya ce zai duba. Da na gaya wa Baba, abin da ya ce kawai shi ne araha ba ta ado, ya ci gaba da yankansa.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Lissafin Disamba: kantuna biyu sun sayar da 152, mu kuma 263, wato mun rasa cinikin kusan riga 40 daga masu saye kai tsaye tun da muka ƙara farashi. Jimilla 415, kowace riga ta tsaya mana a kan kusan naira 6,800. Mun biya Kawu naira 100,000, saura 50,000. Alhajin bai kira ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Ana sa ran azumi zai kama a farkon Maris, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau muka tsara aikin Sallah. Za a riƙa ware guda 20 a kowane mako tun daga yanzu, a rufe karɓar oda ranar 10 ga azumi, lokacin aiki a cikin watan kuma zai koma daga takwas na safe zuwa uku na rana ba tare da rage albashi ba. Rigunan yara 38 da muka yi daga asarar Oktoba sun ƙare a shagon Nasarawa, kuma mai shagon ta nemi a ƙaro, don haka Baba zai fitar da ma'auni uku na yara a wannan makon. Kanti na uku, wanda ke Kaduna, ya nemi kaya, amma mun ɗage shi zuwa bayan Sallah, har sai mun tara kuɗin yadin wata biyu a gefe. Idan cinikin Fabrairu ya kai 450, za a ƙara wa kowa naira 5,000 daga watan Maris. Na ba da odar yadi 800 a kan naira 2,050, daga hannun wani dillalin daban, zai iso ranar Alhamis, kuma mai wanki ya riga ya tanadi baho da igiya domin gwajin bandir na farko.